Ɗan Lifidi a Ƙasar Tsando: Yadda Tibati Ta Yi Yaƙi

Duk wanda ya fara buga Elden Ring, wasan da kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a watan Fabrairun 2022, yana fitowa fili zai hango wani mahayi yana kai da komo a kan hanya. Shi da dokinsa a lulluɓe suke da sulke mai ruwan zinariya, garkuwa a hannu ɗaya, dogon barandami a ɗayan. Tree Sentinel ake ce masa. Sabon shiga kan ɗauka tun da shi aka fara nuna masa, to da shi za a fara. Kafin ya ankara an shimfiɗe shi. Shawarar tsofaffin hannu ɗaya ce: ratse ta gefe, ka je ka samo doki, ka tara ƙarfi, sa'an nan ka dawo masa.

Yaran gidanmu a unguwar Hausawa ta Tibati, a Kamaru, suna faɗa wa juna wannan shawara kamar daga Japan aka aiko da ita. Ni kuwa mahayin nan na san shi tun ban san kwamfuta ba. Ɗan lifidi ne, kuma garinmu ya yi shekaru wajen sittin yana gwada amfaninsa da iyakarsa.

Lifidi yadi ne ninki biyu da ake cusa wa auduga ko audugar rimi, a bi shi da ɗinki gida-gida don kada cikin ya tattare wuri ɗaya. Akan lulluɓe doki da shi daga wuya har gwiwa, mahayi ya sa nasa, ya ɗora kwalkwali a ka. Ina yaro na taɓa tura yatsa cikin wani da aka shanya a rana bayan hawan salla. Yatsan ya nutse bai taɓo komai ba, ga warin gumin doki da ya kama audugar. Aikinsa ke nan: kibiya mai dafi ta shiga ta maƙale, ba ta kai ga fata ba.

Wanda ya kawo wannan salon yaƙi nan shi ne Arɗo Hamman Sambo, Bafillace daga zuriyar Wolarɓe. Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu a 1809, shi kuma Sambo ya fara kafa kansa a Camba, can arewa kusa da kogin Faro, kafin ya gangaro kudu ya ƙwace Tibati daga hannun Babute a wajen shekarun 1830. Tun daga farko garin bai yarda da zama ɗan amshin shata ba. Sambo ya tsallake Adama da ke Yola ya nemo tutar kansa daga Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Atiku. Daga baya an mayar da shi ƙarƙashin Yola, amma taurin kan bai tafi ba. Ɗansa Hamadu Nyambula ya gaje shi da shi, har Lamiɗo Lawal na Yola, wanda ya yi mulki daga 1847 zuwa 1872, ya yi ta ɗauko runduna yana zuwa ladabtar da Tibati, ganuwa da gwalalo suna tare shi.

Abin da 'yan wasa ke gargaɗin sabon shiga a kai, bayan mahayin can, shi ne nauyin kaya. A Elden Ring, in abin da ka ɗora wa jikinka ya haura kashi 70 cikin 100 na abin da za ka iya ɗauka, tsallen kauce wa sara ya lalace, sai ka faɗi tim ka tashi da ƙyar. Sabon shiga yana ganin sulke mai kyau sai ya saka, yana zaton ya tsira. Mayaƙan daular Sakkwato sun san wannan ciniki sarai. Baturen nan Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana kai wa Gobirawa hari a 1826, ya kuma rubuta cewa sai da mutum biyu ɗan lifidi ke iya hawa dokinsa, dokin kuma da ƙyar yake wuce tafiyar ƙasaita. To, wanda sai an ɗaga shi ya hau, in ya faɗo a tsakiyar fama fa? Shi ya sa ɗan lifidi ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai zagage a gefensa, akwai 'yan baka a bayansa, aikinsa ya tsaya ya shanye kibau har dakaru su samu hanya. Ga kuma wuta, wadda auduga ba ta da maganinta.

A Tibati abin ya fi haka tsanani, don ƙasar ba ta doki ba ce. Muna bakin inda ciyawar tudun Adamawa ke haɗuwa da kurmi. Da ka gangara wajen Yoko ko kwarin kogin Mbam, sai tsando ya karɓe ka, sammore ya kama dabba. Doki daga arewa ake sayo shi da tsada, ya yi ɗan abin da zai yi ya mutu, a sake sayo wani. A cikin kurmi kuwa babu filin sukuwa, maharbi yana bayan itace, kai kana saman sirdi kowa na ganinka. Don haka ƙarfin Tibati na gaskiya bai taɓa zama a kan barade kaɗai ba. Yana wajen dakarun ƙasa, da yawansu bayi ne ko 'ya'yan waɗanda aka ci da yaƙi, da kuma sarakunan Babute na kudu irin su Ngila, masu baka da manyan garkuwoyin fata, waɗanda ke kai hari su aiko wa lamiɗo rabonsa. Doki na kwarjini ne da buɗaɗɗen fili. Wannan shi ne abin da masu ba da tarihin garinmu suka fi tsallakewa, don labarin mai doki ya fi daɗin faɗa a gaban fada.

Yaro ma ba a ɗora shi a kan sirdi ranar farko. Barantaka yake farawa da ita: yankan ciyawa, ba doki ruwa da kanwa, riƙe linzami, gudu a gefen ubangidansa da mashi a kafaɗa. A nan yake gane yadda doki ke yi in ya ji ƙarar bindiga, da tazarar da kibiya ke kaiwa. In ya nuna kansa, ubangida ne zai ba shi doki da kayan faɗa, ganimar da ya samo kuma da rabon ubangida a ciki. Wannan ita ce shawara ta uku da ake ba ɗan koyo a wasan, kuma ita ce girman kai ke hana mutane bi: kada ka kai sara tukuna, tsaya ka kalli yadda abokin gaba ke ɗaga hannu, ka ƙirga saransa, ka san inda yake tsayawa ya numfasa. Na ji ɗan ƙanena yana ce wa ƙaraminsu, "Kai dai ka shiga don ka gani, ba don ka ci ba." Wani tsohon zagi da ya ji wannan da ya gyaɗa kai.

Inda na fi son a tsaya a duba shi ne Ngambe. Garin Tikar ne a kudu maso yammacinmu, wanda mutanensa suka kewaye kansu da ramuka layi bayan layi. Lamiɗon Tibati Hamman Lamu ya bar fadarsa a ƙarshen shekarun 1880 ya kafa sansani a gabansu, ya zauna kusan shekara 11. Sansanin ya koma gari sosai, da kasuwa da fatake, har hafsan Jamus Curt von Morgen ya same shi a can a 1890. Duk dawakinsa da lifidinsa da bindigoginsa, rami ya hana shi shiga. Mutanen Ngambe ba su fito fili sun yi gaba da gaba da barade ba, don sun san a nan ne za a cinye su. Sun zaɓi wurin da doki ba shi da amfani suka tsaya a kai. In ana neman gwanayen wannan yaƙi, a ganina su ne.

Dole kuma in faɗi abin da aka je nema. Bayi aka je nema, da hauren giwa. A wasa in an kashe ka, kana farkawa a wurin hutawa na ƙarshe, dukiyarka na nan inda ka faɗi tana jiran ka koma ka ɗauka. Matar Batikara da aka ɗaure aka nufi Yola da ita cikin gaisuwar shekara ba ta da wurin farkawa. Mu Hausawan Tibati ba 'yan kallo ba ne a wannan harka. Kakanninmu fatake su ne suka kawo dawaki da tufafi da kanwa, su ne kuma suka koma arewa da hauren giwa da goro da mutane. Ina son garin nan, ina alfahari da hawan salla, amma ba zan yi wa yaro bayanin lifidi in ɓoye masa abin da aka biya kuɗinsa da shi ba.

Ƙarshen ya zo da sauri. A farkon 1899 Kyaftin von Kamptz ya taso da sojojin Jamus daga kudu, ya ci Ngila a watan Janairu, ya wuce Yoko, ya shiga Tibati ranar 11 ga Maris, alhali lamiɗo da rundunarsa suna can gaban Ngambe. An kwashe hauren giwar fada, an kama Hamman Lamu daga baya aka tuɓe shi. Auduga na tare kibiya, ba ta tare harsashi. A watan Nuwamban 1901 barade suka sake gwadawa a Garwa ƙarƙashin Lamiɗo Zubairu, wanda Ingilishi suka kora daga Yola wata biyu kafin nan, suka sake gwadawa a Marwa a Janairun 1902. Sau biyun bindiga mai ruwa ce ta yanke hukunci. Daga nan lifidi ya koma kayan ado.

A Kamaru an riga an nuna ana iya yin irin wannan wasa da kayan gida. Olivier Madiba da abokan aikinsa a Kiro'o Games da ke Yawunde sun fitar da Aurion a watan Afrilun 2016, labarin yarima Enzo Kori-Odan da matarsa Erine, waɗanda aka yi wa juyin mulki ranar bikinsu, suka fita neman ƙarfin ƙwato garinsu. Sun yi shi suna fama da ɗaukewar lantarki, da kuɗin da suka tara daga hannun jama'a. Duniyar Aurion ƙirƙirarriya ce. Tamu kuwa ga ta nan da sunayenta da shekarunta. In wani yaro daga Ngaundere ko Garwa ya tashi yin wasan Tibati, roƙona gare shi kada ya ba ɗan wasa doki da kwalkwali. Ya sa shi cikin ramin Ngambe da baka da kwari rabi, ya sa rumbu yana raguwa kowace damina, lamiɗo kuma ya zama babban dodon da ke bakin ƙofa. Sai dai kafin ya zana ko da rami ɗaya, ya fara zuwa Ngambe ya zauna da tsofaffin Tikar, don nasu labarin ya bambanta da wanda muke ji a fada.