Dalmar da muke ɗaure wa famfo

Tun da na ajiye sifana, babu abin da ke ƙona mini rai irin yadda yaran gareji na yanzu ke karɓar tsohuwar Massey Ferguson 135 ko 165 idan ta ƙi ɗaga murya. Direba zai ce ya ja totur har ƙarshe amma injin na nan kamar yana silo, ko kuwa yana hawa da sauka shi kaɗai. Kafin ya rufe baki an yanke hukunci: famfo ya mutu, a nemo na Beljiyam. Wani ma ko jira ba ya yi, sai ya kama sukurun da ke tsare gudun injin ya sassauta, tarakta ta yi kuka da baƙin hayaƙi, a ce an gyara.

Mu ba haka aka koya mana ba. Na shiga aikin nan lokacin da aka buɗe manyan ayyukan noma na Funtuwa, Gusau da Gombe a 1975. Shekara ta zagayo Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa, Shagari ya biyo da nasa a 1980, ana harhaɗa Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Taraktocin haya sun cika harabar ma'aikatun gona, kuma mu ne ke tayar da su kafin ruwan shuka.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tun zamanin En'e yake riƙe da sifana. A wurinsa famfo shi ne na ƙarshen taɓawa. Za ka fara daga rariyar da ke bakin tanki, ka sauko kwalbar da ke tara ruwa, ka duba ƙaramin famfon da ke turo gas, ka canza filta, ka fitar da iska. Sai ya sa ka ja totur, shi kuma ya durƙusa ya ga ko hannun da ke jikin famfo yana kaiwa ga sukurunsa, don sau da yawa sandar totur ce ta cinye. Yakan tura wayar kashewa da yatsa ya ga ko ta koma daidai. Bayan hunturu kuwa, tukunyar mai ta tace iska takan zama taɓo zalla. Yawancin taraktocin a nan suke warkewa, ba a kwance noti ko ɗaya na famfo ba.

Idan ta kama a buɗe murfin famfon CAV ɗin nan, sai an share tebur an wanke hannu da gas. Gwamna, mai daidaita gudun injin, na ƙarƙashin murfin, da sifirin ɗinsa siriri. Huda uku ne a gefen totur, uku a gefen hannun gwamna, kuma kowane injin da hudar da aka tsara masa. Lambobin da ke kan farantin jikin famfo su ke gaya maka inda za ka rataya sifirin, ta ƙarshe kuma ita ce iyakar gudun injin ba kaya. Ka kuskure huda ɗaya, tarakta ta mutu a hannunka ko ta riƙa farautar gudu. A nan kuma ƙaramin bawul mai auna mai yake, wanda ɗigon ruwa kaɗai ke sa shi tsatsa ya maƙale.

Wannan ya tuna mini wata rana a gonar shinkafa, wani direba ya cika tukunyar iska da baƙin mai fiye da alama. Injin ya ja man ya ɗauki gudu, aka ja wayar kashewa ya ƙi mutuwa. Kowa ya watse. Maigidana ya fizge robar iska ya danne bakin da guntun katako har injin ya shaƙe.

Abin da ya ɓace gaba ɗaya shi ne dalma. In an gama saiti a kan na'urar gwaji, sai a zura waya ta cikin sukurun gudu, a matse ɗan ƙwallon dalma da filaya mai tambari. Duk wanda ya tsinke ta, sai ya yi bayani a ofis. Bayan 1986 naira ta faɗi, kayan gyara suka yi wuya, na'urorin gwaji suka mutu ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya waiwaye su. Sai ga gas ɗin 'yan bumburutu mai kananzir, alhali famfon nan gas ɗin da ke ratsa shi ne kaɗai mansa na santsi. Mun yi magana, ba a ji ba.

Injin Perkins na waɗannan taraktoci har gobe yana da sauran aiki a jikinsa. Mai tarakta, kafin ka bar kowa ya buɗe maka murfin gwamna, nuna masa farantin nan ka ce ya karanta maka lambobin. In ya kasa, ɗauki abinka ka yi gaba.