Wayar Salula da Labarin Wuri: Mai Ɗauka Shi Ne Mai Kallo

A da, shirya hoto mai motsi aikin gidajen talabijin ne da masu shirya fim, jama'a kuwa nasu kallo. Wayar salula mai kyamara da intanet ta rushe wannan iyaka, domin da na'ura guda mutum ke ɗauka, ya tura, ya kuma kalli abin da wasu suka ɗauka a wurin da yake tsaye. Manhajoji irin su Google Maps, wadda aka fara a 2005, na jingina hotunan da jama'a suka ɗora da wani wuri a kan taswira, ta hanyar tsarin GPS da ke amfani da taurarin ɗan'adam.

An fara harkar wayar GSM a Nijeriya a shekarar 2001. Kafin intanet ta wadata, ta Bluetooth da katin memori ake musayar bidiyo a Jihar Kano, hannu da hannu, ko a rumfunan masu tura waƙoƙi da fina-finai. Ƙarfin wannan hanya ya bayyana a 2007, sa'ad da wani bidiyo da aka ɗauka da waya ya bazu a gari, har ya kai ga dakatar da ɗaukar fim a jihar na wasu watanni. Daga baya Facebook ta buɗe wa kowa damar watsa bidiyo kai tsaye a 2016, WhatsApp kuma ta ƙara tura wurin da mutum yake kai tsaye a 2017.

Garin Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Maiduguri, wuri ne da ake ganin amfanin abin a fili. Ranar Juma'a kasuwar Kara ke ci, kuma dillali na iya zagaya bijimi da waya, ya nuna ƙaho da tozo da tafiyarsa, mai saye a Legas ya gani kafin a yi ciniki. Direban da ya tarar da cunkoso a gadar Wudil ya sanar da na baya, anjima shi ma ya duba abin da na gaba suka turo. Haka nan da damina idan kogi ya cika. Ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda aka kafa a garin a 2001, su ma masu ɗauka ne kuma masu kallo.

Sai dai a lura, sunan gari da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyo ba shaida ba ne. Waya kan ajiye wuri da lokaci a cikin hoto idan an kunna mata GPS, amma WhatsApp na goge wannan bayani idan an tura hoton ta hanyar da aka saba. Saboda haka tsohon bidiyon ambaliya ko rikici daga wata ƙasa na iya dawowa da sunan Wudil, ya tayar da hankalin jama'a a banza. Ya kamata mai kallo ya nemi alamar da ya sani, kamar gada ko allon shago, kafin ya tura wa wani.

Mai ɗauka ma yana da nasa haɗarin. Fataken da ya nuna inda yake a ranar kasuwa ya sanar da ɓarayi inda kuɗi suke. Ɗaukar mutane ba da izininsu ba kuwa ya shafi sirrinsu, wanda Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi kariya a kansa.