Zare: Yadda aka gyara tsohon gidan LibreOffice mutane na ciki

1/ Matasa ku matso, yau tarihi za mu taɓa. Labarin wata manhaja ce da asalinta ya koma 1985, da mutanen da suka yi shekaru suna kwashe mata tarkace. Zaren dogo ne, ku gyara zama 🧵

2/ Kusan duk shagon buga takardu da ka shiga a Gwarzo ko Kabo, Microsoft Word za ka tarar. To tana da kishiya, LibreOffice. Kyauta ce, kuma buɗaɗɗiya: kowa na iya duba kod ɗinta ya gyara. Kod shi ne rubutun umarnin da ake ba kwamfuta ta bi.

3/ A 1985 wani matashi Bajamushe, Marco Börries, ya fito da StarWriter. Kamfaninsa Star Division ya zauna a Hamburg, manhajar ta girma ta zama StarOffice. A 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye shi, a Oktoban 2000 ya buɗe kod ɗin da sunan OpenOffice.org.

4/ A Janairun 2010 Oracle ya haɗiye Sun. Masu aikin sa-kai ba su natsu da sabon maigida ba. Ranar 28 ga Satumba 2010 suka ɗauki kwafin kod ɗin, suka kafa The Document Foundation, suka raɗa wa manhajar suna LibreOffice. Lasisin ya ba su wannan dama.

5/ Gadon da suka ci fa? Miliyoyin layukan kod, wasu an rubuta su tun kafin a haifi da yawa daga cikinku. Ka ɗauka gidan ƙasa ne na kaka da kakanni: kowane zamani an ƙara ɗaki, an toshe wata ƙofa, an kafa azara a inda babu mai tuna dalili.

6/ Mai son sauƙi zai ce a rushe a sake gini. Wallahi ba ya yiwuwa. Mutane miliyoyi na ajiye takardunsu da ita kullum. Ko a garinmu ai ba a kwashe iyali don za a yi yaɓe kafin damina. Bango ɗaya ake bi, a gama, a koma na gaba.

7/ Matsala ta farko ita ce yare. Masu rubuta kod kan bar bayanin gefe don wanda zai zo bayansu. Injiniyoyin Hamburg da Jamusanci suka bar nasu, dubban layuka. Ɗan Indiya ko ɗan Brazil ya zo taimako, ga bayani a gabansa, ba ya jin ko kalma.

8/ Sai aka rubuta 'yar manhaja da ke farauto bayanan Jamusanci, masu jin yaren suka riƙa mai da su Turanci layi-layi. Shekaru aka yi ana wannan. Mai amfani da manhajar bai ga wani sabon maɓalli ba, amma ƙofa ta buɗe wa masu gyara daga ko'ina.

9/ Ta biyu, na'urar haɗi. Kafin kod ya zama manhajar da za ka buɗe, sai an harhaɗa shi. Tsohon kayan haɗin, dmake, 'yan ƙalilan ne suka iya shi. A hankali aka koma GNU make wanda kowa ya sani, aka kammala a 2013.

10/ Ta uku na fi so. Tsohon tsarin ajiye rubutu ba ya ƙirga abin da ya wuce 65,535, don haka sakin layi ɗaya ba ya iya wuce haruffa kusan dubu 65. Sai da aka bi wurare dubbai aka canza tsarin kafin iyakar ta faɗi a fitowa ta 4.3, a 2014.

11/ Aka kuma saka na'urar bincike, Coverity, tana tace kod tana nuna kurakurai. Injiniya Caolán McNamara da abokan aikinsa suka gyara dubbai. Aka ƙara gwaje-gwaje masu gudana da kansu, ta yadda in ka gyara nan ka ɓalla can, za a gani kafin ya isa hannun jama'a.

12/ Shara fa tana da tsada. A fitowa ta 4.0, Fabrairun 2013, an cire wani ƙaton sashe mai suna binfilter da ke buɗe tsofaffin fayilolin StarOffice. Masu irin waɗannan takardu suka koma neman tsohuwar fitowa. Sai a 2017 aka kawo sabuwar hanyar karanta su, ƙarama mai tsafta.

13/ Ina OpenOffice? Oracle ya miƙa ta ga gidauniyar Apache a 2011. Masu gyara suka yi ƙaranci. Tun Afrilun 2014 tana kan jerin 4.1, a 2016 har shugaban aikin ya kawo maganar ko a rufe shi. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ɗaya ta samu hannaye da yawa.

14/ Ita kuwa LibreOffice, a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta sanar za ta mai da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kanta. Gwamnati ba ta ɗora takardunta a kan gidan da ke yoyo.

15/ Kar ku ce labarin Turawa ne, mu ma muna da namu. Kun taɓa buɗe takardar Hausa ku ga "}asa" a maimakon ƙasa, "]aya" a maimakon ɗaya, "~era" a maimakon ɓera? Wannan shi ne tsohon gadonmu.

16/ A shekarun 1990, samun ƙ, ɗ da ɓ a kwamfuta aiki ne. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera salon haruffa masu lanƙwasa. Irin waɗannan salo kan ari gurbin wasu alamomi su zana harafin Hausa a kai. Dabara ce babba, an buga littattafai da ita.

17/ Amma kwamfuta a cikinta alamar take ajiyewa. In babu salon a wayarka, sai ka ga "}". Ka nemi "ƙasa" a fayil ɗin, ba za ta fito ba. Yau Unicode ya ba kowane harafinmu lambarsa, saura a bi tsofaffin takardu a juya su.

18/ Abin da na ɗauka a nan: tsohon kod ba shirme ba ne, maganin matsalar zamaninsa ne. Mai gyara na gari sai ya fahimci dalilin azara kafin ya zare ta.

19/ LibreOffice na da jerin ƙananan ayyuka mai suna Easy Hacks, musamman don sababbin shiga. Ba a tambayar digiri ko garinku. Ka aika gyara, a duba, in ya yi a karɓa, sunanka ya zauna a tarihin aikin. Mai neman aiki, ga shaidar da ta fi takarda.

20/ Kai da ke da tsohuwar kwamfuta da ɗan data a Kabo, ke da ke buga takardu a Gwarzo, ga wurin farawa kusa: ɗauko fayil ɗin Hausa ɗaya mai "}" da "]", ku yi kwafinsa tukuna, sannan ku mai da haruffan daidai. Wa ke da irinsu a ajiye? Ku faɗa a ƙasa, ku tura wa wani 🙏