Majalisar Samari a Zangunan Arewacin Gana

Salaga ta yi zamaninta a kan hanyar goro, fatake na sauka daga Kano da Katsina. Da yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, Hausawa suka bazu zuwa Yendi da Kete-Krachi da Kumasi, suka tafi da tsarin zango: mai masauki, limami, sai kuma sarkin samari.

Saurayin da ya bar dangi a nesa, sa'o'insa ne danginsa. Idan ya daina fitowa majalisa, ya ƙi abinci, su ke fara lura. Su bi shi ɗaki, su zaunar da shi, kafin magana ta kai ga malam. Har yau inda ake dafa ataya a Bawku, garin da rikicin sarauta ya daɗe yana hana matasa barci, wannan zaman na ɗauke nauyin zuci mai yawa.

Sai dai majalisa ba asibiti ba ce. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na Gana duk suna kudu. Ƙungiyar BasicNeeds, wadda ta fara aiki a arewa a 2002, ta kafa ƙungiyoyin taimakon juna na masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma a 2023 majalisar dokokin ƙasar ta soke dokar hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa.