Rikicin ƙirƙirarriyar basira a Firefox: asalinsa, masu ƙorafi, da inda ya shafi Hausawan Zongon Lome

Tun daga shekarar 2024 ake kai ruwa rana tsakanin kamfanin Mozilla, mai burauzar Firefox, da wani ɓangare na masu amfani da ita da masu yi mata aikin sa kai. Tushen rikicin shi ne yadda kamfanin ke shigar da ƙirƙirarriyar basira cikin manhajar, wato abin da ake taƙaitawa da AI a Turanci, IA a Faransanci. Takaddamar ta sa masu fassara na Japan sun ajiye aikin da suka shafe fiye da shekara 20 suna yi, ta kuma sa Mozilla ta samar da maɓalli guda na kashe duk kayan AI. Ga Bahaushen Zongon Lome, ko na Kotonu, ko na Kumasi, batun ya taɓa abu biyu: na'urar da ke hannunsa, da harshen da yake magana da shi.

Burauza da buɗaɗɗiyar manhaja

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome da Safari da Opera Mini da Firefox. Ana kiran manhaja buɗaɗɗiya idan an saki rubutun da aka gina ta da shi, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya kuma rarraba nasa samfurin ba tare da neman izini ba.

Firefox ta samo asali ne daga kamfanin Netscape na Amurka, wanda ya saki rubutun burauzarsa a 1998. An kafa Gidauniyar Mozilla a 2003, Firefox ta farko kuma ta fito a ranar 9 ga Nuwamba, 2004. A 2008 Google ya fito da Chrome tare da buɗaɗɗen tushenta mai suna Chromium. A yau Edge da Opera da Brave da Vivaldi duk a kan Chromium aka gina su. Firefox na cikin 'yan kaɗan da ke da injin kansu, mai suna Gecko, shi ya sa ake ba ta muhimmancin da ya zarce yawan masu amfani da ita, waɗanda ba su kai kashi 5 cikin 100 na duniya ba.

Mozilla tana da ma'aikata masu albashi, amma wani babban kaso na aikin masu sa kai ne ke yin sa: fassara manhajar zuwa harsuna da dama, rubuta shafukan taimako, amsa tambayoyin jama'a, da kai rahoton kurakurai. Ta hannunsu ne Firefox ta fito da Fulatanci da Sonrai da Wolof.

Yadda AI ya shigo

- Satumba 2023: Firefox 118 ta zo da fassarar shafuka da ke gudana a cikin kwamfutar mutum, ba tare da an aika rubutun waje ba. Harsunan farko duk na Turai ne.
- Satumba 2024: an fara gwajin wata taga a gefen burauza inda mutum zai zaɓi manhajar hira kamar ChatGPT ko Gemini ko Claude ko Le Chat na kamfanin Mistral na Faransa. An fara buɗe ta ga kowa a farkon 2025.
- Fabrairu 2025: Mozilla ta fitar da sharuɗɗan amfani da Firefox a karon farko.
- Yuli 2025: Firefox 141 ta kawo AI mai tara shafukan da aka buɗe rukuni-rukuni, ya kuma raɗa musu suna.
- Nuwamba 2025: an sanar da shirin wata taga ta musamman ta AI, wadda sai wanda ya so zai shiga.
- 16 ga Disamba, 2025: sabon shugaban kamfanin, Anthony Enzor-DeMeo, ya ce Firefox za ta rikiɗe ta zama burauzar AI ta zamani.
- 24 ga Fabrairu, 2026: Firefox 148 ta fito da sashen sarrafa AI, har da maɓallin toshe shi gaba ɗaya.

Dalilan Mozilla

Hujjar kamfanin ta farko ita ce gasa. A 2025 kaɗai, Perplexity ya fito da burauzar Comet, OpenAI ya fito da Atlas, Google ya sa Gemini cikin Chrome, Microsoft kuma ya ƙara wa Edge ƙarfin Copilot. Shugabannin Mozilla na ganin idan Firefox ta tsaya kallo, sauran masu amfani da ita ma za su watse.

Ta biyu ita ce kuɗi. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin shigar Mozilla daga Google suke fitowa, a matsayin ladan sanya injin bincikensa a gaba. A Agusta 2024 alƙali Amit Mehta na Amurka ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba. A Satumba 2025 ya bari a ci gaba da irin wannan biyan, amma fargabar ta riga ta shiga. Wanda ya dogara da rijiya ɗaya dole ya fara tunanin haƙa wata.

Ƙorafin masu amfani

Na farko shi ne yarda. Da yawa sun zaɓi Firefox ne don gudun kamfanonin da ke tattara bayanan mutane. Sharuɗɗan Fabrairu 2025 sun ƙunshi wata jimla da ta ba Mozilla lasisin amfani da abin da mutum ya shigar ta burauzar, a daidai lokacin da aka cire tsohon alƙawarin cewa kamfanin ba ya sayar da bayanan kowa. Jama'a suka fassara hakan da shirin ciyar da AI. Mozilla ta musanta, ta sake rubuta jimlar cikin kwanaki kaɗan, ta ce ma'anar "sayarwa" a dokokin wasu jihohin Amurka ce ta sa aka cire alƙawarin. Amma zargin bai gushe ba.

Na biyu shi ne zaɓi. Masu ƙorafi na cewa bai kamata a kunna wa mutum abu sannan a bar shi da wahalar neman inda zai kashe ba. Kafin Firefox 148, kashe wasu daga cikin kayan sai an shiga ɓoyayyen shafin saiti na about:config, wanda ba kowa ya san shi ba.

Na uku shi ne nauyi. A Agusta 2025 wasu sun koka cewa kwamfutocinsu na zafi, batir na saurin ƙarewa. Mozilla ta ce wani gwaji ne da take yi a kan wasu masu amfani ya jawo, ta kuma janye shi.

Na huɗu shi ne tsaro. Burauzar da ke karanta shafi ta aikata abu a madadin mutum tana iya bin umarnin da ɗan damfara ya ɓoye a cikin shafin. Masu binciken Brave sun nuna irin wannan rauni a Comet a Agusta 2025.

Masu aikin sa kai: abin da ya faru a Japan

Mozilla na da rumbun shafukan taimako da ake kira SUMO, wanda masu sa kai ke fassarawa. A ranar 22 ga Oktoba, 2025 aka saki wata manhajar fassara mai suna Sumobot a kan shafukan Japananci. A farkon Nuwamba jagoran masu fassarar ya sanar da cewa ƙungiyarsu ta rushe.

Dalilan da ya bayar sun fito fili. Manhajar ba ta bin ƙa'idojin fassara da ƙungiyar ta tsara wa kanta. Ta rubuta nata a kan shafuka sama da 300 da mutane suka riga suka fassara. Tana amincewa da fassararta cikin sa'o'i 72 bayan an sabunta shafin Turanci, abin da ya hana a samu sararin koya wa sababbin masu fassara aiki. Sannan an yi duk wannan ba tare da amincewarsu ba. Ya kuma buƙaci kada a yi amfani da fassarorinsa wajen horar da AI. Wata ma'aikaciyar Mozilla ta ba da haƙuri, ta nemi a tattauna, amma da yawa sun ga amsar ta zo a makare.

Abin lura shi ne, mai aikin sa kai ba albashi ke riƙe shi ba. Abin da ke riƙe shi shi ne sanin cewa aikin nasa ne, kuma ana jin maganarsa. Ranar da ya wayi gari ya tarar inji ya share abin da ya rubuta, babu sauran abin da zai tsaya dominsa.

Sauran ayyuka da matsayinsu

Waterfox da LibreWolf, waɗanda aka gina a kan rubutun Firefox, sun ce ba za su bi wannan hanya ba. Servo, injin burauza da Mozilla ta fara kafin ya koma hannun Gidauniyar Linux, ya haramta karɓar gudummawar da AI ya rubuta. Vivaldi, wadda ba buɗaɗɗiya ba ce gaba ɗaya, ta ce ba za ta sa manhajar hira a burauzarta ba. Brave kuwa tana da nata mataimakin AI mai suna Leo tun 2023. A Yuni 2025 Gidauniyar Wikimedia ma ta dakatar da gwajin taƙaita maƙaloli da AI bayan editocin Wikipedia sun yi ca a kanta.

Inda batun ya shafi Zongon Lome

Zongon Lome unguwa ce da fatake Hausawa da sauran 'yan kasuwa Musulmi suka kafa tun zamanin mulkin mallaka. A 1977 hukuma ta tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birni, aka mayar da mutanensa arewacin gari, wajen Agoè da Togblékopé. Masanin Faransa Michel Agier ya rubuta littafi a kan 'yan kasuwar unguwar a 1983. Mazauninta na yau yana Hausa a gida, Mina ko Ewe a kasuwa, Faransanci a makaranta da ofis, Larabci a makarantar allo. Mutum irin wannan kullum cikin fassara yake, don haka ingancin fassarar inji ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Ta fuskar na'ura, yawancin jama'a da waya suke shiga intanet, ta layin Yas, wato tsohon Togocom, ko Moov Africa, kuma Chrome da Opera Mini sun fi yawa a wayoyin. Firefox an fi samun ta a kwamfutocin ɗalibai da shagunan buga takardu, waɗanda galibi na hannu ne, masu ƙaramin ƙarfi. Duk AI da ke aiki a cikin na'ura sai an fara sauke shi, ya ci data, ya ci wuri, ya ci batir. Wanda ke aiki daga nesa kuma yana aika abin da aka rubuta zuwa rumbunan kamfanoni a ƙasashen waje. Togo na da dokar kare bayanan sirri tun Oktoba 2019, amma bin kadin kamfanin da ke Amurka ba abu ne mai sauƙi ga ɗan kasuwar Zongo ba.

Ta fuskar harshe, matsalar ta fi zurfi. Google ya sa Hausa a manhajar fassararsa a Disamba 2013, ya ƙara Ewe a 2022. Amma inji daga rubutun mutane yake koyo, rubutacciyar Hausa kuwa a intanet ba ta da yawa, kuma ba ta da daidaito. Boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke fitowa iri ɗaya. Allon rubutun Faransanci ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai "ƙafa" ta koma "kafa". Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Hausar zangunan bakin teku kuma tana da nata lafazi da kalmomin aro da ba su cika shiga rubutu ba.

Idan aka cika intanet da gurɓatacciyar fassarar inji, ita ce injin gobe zai ɗauka a matsayin Hausa. An ga haka a Wikipedia ta harshen Girinlan, wadda aka yanke shawarar rufewa a 2025 saboda fassarar inji ta mamaye ta. Japananci na da masu rubutu miliyoyi da za su cike giɓin da masu sa kai suka bari. Harshen da masu gyara shi a intanet ba su da yawa, tafiyar mutum goma na iya tsayar da aikinsa cak.

Abin da mai amfani zai iya yi

Mai Firefox 148 ko sama da haka a kwamfuta zai samu sashen sarrafa AI a cikin saiti. Daga nan zai iya toshe komai da maɓalli ɗaya, ko ya zaɓi ɗaya bayan ɗaya: fassara, bayanin hotuna a takardun PDF, tara shafuka, taƙaita mahaɗi kafin a buɗe, da tagar hira. Wanda ke buƙatar fassarar Turanci zuwa Faransanci zai iya barin ta a kunne ya kashe sauran. Lambar katin shaida, bayanan asusun waya da takardun kwastoma ba su dace a liƙa su a tagar hira ba, ko da wace burauza ce.

Mai son taimaka wa harshen kuma yana da ƙofofi. Pontoon shi ne dandalin da ake fassara kayan Mozilla. Common Voice, wanda Mozilla ta fara a 2017, yana tattara muryoyin masu sa kai don koya wa na'ura jin magana, kuma Hausa ta shiga rumbunsa a Yuli 2021. Sai dai muryar da aka bayar a can ana sakin ta ne kyauta ga kowa, har da manyan kamfanonin AI, don haka ya kamata mai bayarwa ya san hakan kafin ya danna maɓallin naɗa.