Dundi: garin da lalo ya gina

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke nan Kalaba, kusan kullum muna wuce mutum-mutumin Mary Slessor riƙe da tagwaye, amma mu nawa ne muka taɓa tambayar daga ina matar nan ta fito? Ni dai aikin aji ne ya tilasta mini bincike, sai ga ni a Dundi, wani garin tashar jiragen ruwa a bakin kogin Tay, gabashin Sikotilan.

Tsohon gari ne, tun ƙarni na 12 ake kasuwanci a tasharsa. Ya sha wuya kuma, don a 1651 sojojin Janar Monck sun far masa, suka kashe jama'a suka washe dukiya. Da ya farfaɗo, sai ya kama saƙar lilin da farautar kifin whale.

To ga inda labarin ya yi daɗi. Kun san lalon da muke miya da shi, wanda Yarabawa ke kira ewedu? Daga jikin danginsa ake samun zaren da ake saƙa buhun algarara. A Bengal ake noma shi, amma zaren na da kaushi, yana tsinkewa a inji. A farkon ƙarni na 19 mutanen Dundi suka gano cewa idan aka jiƙa shi da ruwa da man whale, yana laushi. Man kuwa jiragensu ne ke kawo shi. Shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Duniya na bukatar buhu: na hatsi, na sukari, na yashin yaƙi. Garin da bai kai mutum 30,000 ba a 1801 ya haura 160,000 a 1901. Masaƙar 'yan uwan Cox kaɗai ta ɗauki ma'aikata kusan 5,000. Yawancin ma'aikatan masaƙun garin mata ne da yara, saboda ladansu ya fi araha, maza da dama na gida suna raino. Cikin yaran nan har da Mary, wadda ta shiga masaƙar Baxter tana shekara 11, rabin yini aiki, rabi makaranta, kafin ta iso Kalaba a 1876.

Sai dai kuma da hannunsu suka tona ramin. Injiniyoyi da manajojin Dundi ne suka taimaka aka kafa masaƙu a Kalkata, kusa da gonakin, inda ƙwadago ya fi sauƙi. Zuwa farkon ƙarni na 20 Kalkata ta sha gabansu. Daga baya buhun leda ya ƙarasa aikin, masaƙar algarara ta ƙarshe ta rufe gab da shekarar 2000.

Wallahi ina karanta wannan, Kakuri ce ta faɗo mini a rai, da masaƙun Kaduna da ciyawa ta cinye. Bambancin shi ne Dundi ba ta zauna zaman makoki ba. Jami'o'inta biyu suka zama sabon jari. A can aka ƙirƙiro wasan Grand Theft Auto a 1997, a shekarar kuma Jami'ar Abertay ta fara digiri kan wasannin kwamfuta. A 2018 aka buɗe gidan tarihi na V&A a bakin tsohuwar tashar.

Mu da aka turo nesa da gida neman ilimi, idan mun koma, me za mu zuba a kangon masaƙunmu? Ina jiran ra'ayoyinku.