Daga Fijo zuwa Tokumbo: Yadda Muka Rayu da Tsohuwar Mota a Sabon Badun

Akwai wata Fijo 504 doguwa, irin mai layin kujeru uku, da ke fake a lungun bayan masallacinmu an lulluɓe ta da tamfol. Yaran yanzu akwala suke ce mata, suna hawa bayanta suna wasa. Mu kuwa da muka haura hamsin mun san ta tun tana sheƙi. Ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti cikin dare, ta raka alhazai filin jirgi a Ikko, ta kuma ɗauki gawa ba sau ɗaya ba. Ganin ta ne ya sa muka ce bari mu tuna wa matasa yadda mota ta shigo unguwar nan, da yadda muka koma masu rainon tsofaffin motoci.

Kakanninmu da suka zauna Sabo, tun da aka keɓe unguwar a 1916, da ƙafa da jirgin ƙasa suka san fatauci. Shanu su sauko, goro ya hau. Daga baya manyan motoci masu bodin katako suka karɓi wani kaso na kayan. Ƙaramar mota ta shiga kuwa sai wane da wane, manyan masu gidajen baƙi, kuma ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Abubuwa suka sauya cikin 'yan shekaru kaɗan. Ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasar nan ta bar tuƙin hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, daidai da maƙwabtanmu rainon Faransa. A 1973 naira ta maye gurbin fam, kuɗin man fetur suka fara shigowa, sai ga ƙarin albashin Udoji na 1974. Ma'aikaci ya sami kuɗi a hannu, ga kuma bashin sayen mota daga wurin aiki.

A wannan zamanin ne gwamnati ta haɗa hannu da kamfanonin Turai aka kafa wuraren harhaɗa motoci. Kamfanin Peugeot ya fara aiki a Kakuri ta Kaduna a 1975. Volkswagen ta zauna a Ojo, kan hanyar Badagiri, tana fitar da 'yar ƙaramar motar nan da maƙwabtanmu Yarbawa ke kira ijapa, wato kunkuru. Manyan motoci kuma aka raba su: Leyland nan Badun, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu. Bayan an kashe Janar Murtala a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ce manya su rage facaka, Fijo ta zama motar hukuma. Kwamishina Fijo, alƙali Fijo, ɗan sanda Fijo, direban tasha Fijo.

To, a nan ne asirin yake, kuma mutane ba su cika lura da shi ba. Ana yawan cewa ƙarfen dā ya fi na yanzu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Fijo ta daɗe a hannun talaka ne saboda ƙasar gaba ɗaya mota iri ɗaya take hawa. Ka tashi daga Ojoo da asuba, ka bi Oyo, Ogbomosho, Ilori, ka haye gadar Jabba, ka wuce Mokwa, ka nufi Tegina da Birnin Gwari har Kaduna: duk garin da ta tsaya maka, akwai bakaniken da ya san cikinta kamar tafin hannunsa, akwai kuma mai shagon da ke da filogi da fanbel da kwantak a rataye. Injinta silinda huɗu ne da kafireta, ba wani ɓoyayyen abu. Tayoyin baya ke tura ta, ƙafafunta na da tsawo, ramukan hanya ba su cika karya ta ba. Direba mai hankali da sukundireba da filaya da 'yar waya yana iya lallaɓa ta ya kai gari. Mun taɓa ganin an bubbuga kafireta da gindin sifana a bakin hanya bayan Jabba, aka busa bututun mai da baki, muka tashi. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta fiye da shekara ashirin bayan nan.

Sai dai mu faɗi gaskiya, ko a wancan zamanin na wadata, 'yan Sabo kaɗan ne suka ciro mota a leda. Ɗan kasuwa bai da bashin ofis, kuma bai son ya binne jarinsa a ƙarfe. Jira muke yi ma'aikaci ya hau shekara huɗu ko biyar ya gaji, ko hukuma ta yi gwanjon motocinta, mu saya. Ke nan mota ta hannu ba baƙuwarmu ba ce. Bambancin kawai, a lokacin ka san mai ita, ka san gidansa, wani sa'in har bakanikensa kake gada tare da motar.

Shekarar 1986 ce ta karya wannan tsari. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, a watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje. Mu da unguwarmu ta yi suna da canji, a kan teburanmu muka ga abin. Dalar da a 1980 ba ta kai naira ɗaya ba, ta tashi wajen naira huɗu, ba ta kuma sake waiwayowa ba. Kamfanonin nan kuwa harhaɗawa suke yi, yawancin kayan daga waje ake kawo su da kuɗin waje. Farashin sabuwar mota ya tsere wa albashi, bashin mota ya zama labari. Ɗaya bayan ɗaya masana'antun suka yi sanyi, ta Ojo ta rufe, ta Kaduna ta dinga jan ƙafa da cinikin gwamnati.

Sai tokumbo ta shigo. Kalmar ta Yarbanci ce, sunan da suke sa wa ɗan da aka haifa a ƙetaren teku aka dawo da shi gida. 'Yan uwanmu na Arewa da Inyamurai kuma Baljiyam suke cewa, domin daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf ake lodin da yawa daga cikinsu. Motar da Bature ya hau shekara goma ya ga gyaranta ya fi ƙarfin darajarta, ita ce za a wanke a jera a filin Baja da ke Legas a kira ta sabuwa. Wasu ta Apapa suke sauka, amma mafi yawa ta Kwatano, inda harajin tasha ya fi sauƙi, sannan a tsallako da su ta Seme ko Idiroko, ko ta daji. Nan muka san Marsandi bibut, da Golf, da Nissan, da Mazda, sannan Toyota da Honda suka zo suka mamaye. Matasa suka raɗa wa kowace suna, wannan Hala, waccan Bebi Boyi, wata Fensir. Tsohon bakaniken Fijo ya ga yaran da ya koya wa aiki sun buɗe garejin "Japan" suna ƙwace masa mutane.

Tare da motocin, gawarwakinsu ma suka biyo. Inji, giyabos, ƙofa, fitila, shokazoba, har rabin mota a yanke, ana sauke su a kwantena. Kasuwar Ladipo a Mushin ta cika ta batse, mu kuma nan Agodi Get ta zama asibitinmu. Wata sabuwar hikima ta samu: maimakon a buɗe inji a sa ringi da metal, sai a ce a sauke shi a ɗora na tokumbo. Wani lokaci a dace, wani lokaci ka sayi ciwon wani ka ɗora a kan naka. Kuma har yau mai tsohuwar mota yana tsakanin zaɓi uku ne a gaban mai shago: tsohon kaya na asali, sabo na jabu mai arha, ko sabo na gaske da kuɗinsa ke sa mutum ya yi salati. Dattawanmu sun fi yarda da na farko a kan abin da ya shafi ƙarfe, amma ba a kan birki ko bel ba, kuma muna ganin suna da hujja.

Gwamnatoci sun yi ta kai-kawo kan lamarin. A farkon mulkin farar hula na Obasanjo an ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, aka dawo aka sassauta. A 2013 aka fito da tsarin ƙara haraji don a farfaɗo da harhaɗawa a gida. Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, sai ta teku, sannan a Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya har zuwa Disambar 2020. Kowace doka ta zo, kuɗin fito ne ke ƙaruwa. Yaranmu nawa suka shiga tuƙin dare daga Kwatano ba fitila, don ladan da bai taka kara ya karya ba? Wasu sun dawo a makara. Mutum nawa kuma a unguwar nan suka sayi mota da kuɗin gumi, bayan shekara biyu aka tare su a hanya aka ce takardar diyutin ta bogi ce, mota ta tafi ke nan?

Tokumbo ta kuma zo da ilimin da ba mu da shi. Fijo sarƙa ke juya mata inji, tana gargaɗi da ƙara kafin ta gaza. Yawancin waɗannan kuwa bel ne na roba, shiru yake yi har ranar da zai tsinke, kuma a wasu injinan idan ya tsinke sai ya lanƙwasa bawul. Mutane da yawa sun rasa inji saboda ba wanda ya gaya musu ana sauya shi kafin ya mutu. Kafireta ta ba injekta wuri, aka sa wa mota ƙwaƙwalwar kwamfuta. Fitilar gargaɗi ta kama, rewaya ya cire ƙwan ya ce an gyara. A cire tamostat a jefar wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya, bayan shekara a yi mamakin tsatsa da shan mai.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne taya. Kamfanin Michelin na Fatakwal ya rufe a 2007, Dunlop ta Ikeja ta bi baya a 2008, tayar tokumbo ta zama abin kowa. Za ka gan ta da zane raɗau, alhali ta tsufa a sito, wata ma don ƙanƙara aka yi ta, ba don kwaltar Mokwa da rana tsaka ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Shekaru muka yi muna saye ba mu san da wannan ba. Mun sallaci mutum uku 'yan gida ɗaya a rana ɗaya, suna hanyar zuwa ɗaurin aure tayar gaba ta fashe. Allah Ya jiƙansu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma da muka je ganin motar, lambar da ke jikin tayar ta haura shekara goma.

Akwai kuma abin da ke zuwa zauren liman. Bayan rabon gado da rikicin aure, ba abin da ake kawo mana kamar cinikin mota. An mayar da mita baya. An zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya ɓuya na kwana biyu. Motar da ambaliya ta shanye a Amurka, ko wadda ta yi mummunan haɗari aka miƙe ta aka fesa fenti, an sayar a matsayin lafiyayya. Dillali ya ce ai mai saye ya duba da idonsa. Littattafan fiƙihun da muka karanta a zaure ba su bar wannan a duhu ba: aibin da mai kaya ya sani ya ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya. Wahalar ita ce tabbatar da cewa ya sani. Shi ya sa muke roƙon a riƙa zuwa da bakanike da shaidu biyu, a kuma rubuta abin da aka faɗa game da inji da giya da takardu, ko da a bayan takardar siminti ne.

Daga 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai, aka kuma saki naira har dala ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo, tokumbon ma ta fi ƙarfin yawancinmu. Mun dawo inda muka faro, muna sayen wadda wani ya gaji da ita a nan gida, sai dai yanzu hannu na uku ne ko na huɗu. Wasu sun jingine nasu sai Juma'a da Sallah, wasu na tambayar yadda ake mayar da mota ta koma shan iskar gas. Waɗanda motocinsu ke tafiya har yanzu, idan ka duba, ɗabi'arsu ɗaya ce da ta dattawan zamanin Fijo. Suna buɗe bonet bayan sallar asuba su duba ruwa da mai. Suna juye baƙin mai a kan lokaci ko da za a rage cefane. Bakanike ɗaya suke riƙewa, su tsaya a kansa yana aiki. Kuma suna da asusun mota daban, duk mako a jefa wani abu, domin ranar da kuloci zai tafi ba ya tambayar ko kasuwa ta yi kyau.

Ita kuwa ta bayan masallaci, magada sun ƙi sayar da ita duk da masu sayen ƙarfe sun yi ta zarya. Injinta na uku ke ciki, kujerun an sake musu fata sau biyu. Bakaniken da ke duba ta ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni, da kunne yake saita ta. Da Babbar Sallar da ta wuce an sa mata batirin aro, yara suka tura, ta yi tari sau biyu ta kama, ta kai tsofaffi bakwai filin Idi ta dawo da su.